Yadda Jezde Toktosun Ya Buɗe wa Motata Numfashi

A danginmu, idan abu ya lalace, aikin farko shi ne a ɓoye shi kafin labari ya kai kunnen Toktosun, mijin yayata Gulbara. Jezde nake ce masa, kamar yadda kowace ƙanwa take kiran mijin yayarta, kuma al'ada ta ba ni damar in tsokane shi son raina, shi kuwa haƙuri ne nasa. Mutum ne mai kirki. In ka ce masa za ka tashi daga gida, kafin ka rufe baki ya saɓa katifarka a kafaɗa. Abin da ya ɓata shi shekara biyun nan ne da ya yi a soja yana saurayi. Yakan ce a rundunar tankokin yaƙi ya yi aiki, har manyan hafsoshi sukan tsaya a bayansa su ga yadda yake kwance inji. Gulbara ta ga hotunan. A cikin kowanne yana riƙe da ludayi.

Ban so ya ji zancen motata ba. Tsohuwa ce, ta girmi babban ɗana, ita nake shiga kullum daga ƙauye zuwa makarantar da nake koyarwa a Kochkor. A cikin gari ba ta da laifi. Amma da zarar na hau babban titi, maleji ya wuce saba'in, sai ta fara fizga, ƙarfinta ya zube kamar an riƙe ta ta baya. Ko na taka totur har ƙasa ba ta ƙara komai. In na tsaya na ɗan jira sai ta tashi lafiya lau, ta sake yi mini haka nan gaba kaɗan.

Da ni kaɗai ce da na ci gaba da lallaɓa ta. To mahaifinmu, Ata, yanar ido ta rufe masa gani shekara uku ke nan, kuma wata huɗu muka yi muna jiran layi kafin asibiti a Bishkek, babban birninmu, su ba mu ranar Litinin da safe don aikin idon. In muka rasa ta sai bayan hunturu. Motar haya ba ta yi masa, don bayansa ba ya barinsa zama mai tsawo, kuma babu direban da zai riƙa tsaya wa dattijo kowane rabin awa. Na shirya in kai ta wurin bakanike a Balykchy ranar Alhamis. Kuskurena shi ne na faɗa wa Gulbara a waya, ita kuwa in tana kwaɓa gurasa a kan tebur take ajiye wayar, kowa na gidan yana ji.

Awa ba ta cika ba sai ga Jezde a ƙofar gidanmu da akwatin sifanu, ya ɗaura tsohuwar ɗamararsa ta soja a kan tumbi. Ya gaida Ata, wanda ke zaune a benci jikin bango yana shan hantsi da kofin shayinsa, sannan ya zagaya motar sau biyu, hannu a baya. Ya ce shi bai taɓa jin cin fuska irin wannan ba, a ce yana raye a ɗauki motar gida a kai wa baƙo. Na ce masa motar ba yunwa take ji ba, ban ga abin da miya za ta yi mata ba.

"Yi dariyarki, ƙanwa," in ji shi. "Injin da ya fi ɗakin nan naku girma na kwance na mayar, ba ko ƙusa da ta yi saura."

"Tukunya dai ai ba ta da ƙusa, Jezde."

Bai kula ni ba. Ya ɗaga bonet, ya kara kunne, ko tayar da motar bai yi ba, ya ce ya gano ciwon: numfashi ne ya yi mata ƙaranci. Mu mutanen duwatsu ne, iskarmu ba ta da kauri, ga shi kuma an toshe wa baiwar Allah hanci. Ya ciro matatar iska, ya wanke ta da sabulun wanki a cikin baho, ya shanya ta a kan shinge. Ta takarda ce. Muna shan shayi ɗan maraƙin maƙwabcinmu ya zo ya ɗanɗana ta, ya ga ta yi laushi, ya cinye rabi.

Jezde ya ce hakan ma ya fi. Masu ƙera mota don mutanen birni suka sa ta, mu iskarmu tsarkakakkiya ce. Don ƙura kawai, ya zaro wani ƙyalle daga aljihu ya ɗaure bakin kafireta da shi, muka fita gwaji. Muna kaiwa sittin injin ya yi wani irin shaƙuwa ya mutu. Ya haɗiye ƙyallen. Jezde ya jawo shi da filaya, baƙi ƙirin, da rami a tsakiya, ya kawo shi gida a hannu. Gulbara da ta biyo shi da abincin rana ta karɓa ta juya shi, ta gane ɗankwalin da surukarta ta kawo mata tsaraba ne, wanda ta yi kwana uku tana nema. Ba ta ɗaga murya ba. Tambayarsa kawai ta yi ko a rundunar tasu ma da ɗankwalin matan hafsoshi ake gyara. Ya ce sirrin soja ba na faɗa ba ne.

Ranar Juma'a ya dawo da sabon bayani. Numfashi ya buɗe, in ji shi, yanzu wuta ce ba ta kamawa. Ya kwance fulogi huɗun, ya shiga kicin ɗina ya jera su a kan murhu yana juya su kamar tsire, wai ya ƙone dattin. Da suka huce ya mayar, ya tsaya yana kallon wayoyin nan huɗu da ya tsige gaba ɗaya bai sa musu alama ba. Na tambaye shi ko ya tuna wacce ke ina. Ya ce waya ta san gidanta. Ya cusa kowacce inda hannunsa ya kai, ya ce in murza makulli.

Ƙarar da ta fito ta baya, na ɗauka bindiga aka harba. A bayan shinge matar maƙwabcinmu tana tatsar goɗiya, don mu nan ana shan nononta. Goɗiyar ta yi tsalle, bokitin nono ya kife, matar ta zauna a cikinsa. Jim kaɗan sai ga mijinta, Anarbek baike, don baike muke ce wa namijin da ya girme mu, tsohon direban tarakta wanda maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba. Ya tsallako shingen, ya leƙa injin, ya sauya wayoyi biyu da yatsunsa, ya ce in sake murzawa. Mota ta tashi sumul. Jezde ya ce ai da gangan ya sarƙa su, don injin ya yi kaki ya fitar da abin da ke maƙogwaronsa.

Anarbek baike ya ce, "In za ta sake kaki, a fara sanar da goɗiyata."

Muka hau titi. Saba'in da biyar, ta fizga, ta koma ja da ciki kamar jiya. A nan na ce ya isa, ya ba ni makullina in tafi Balykchy tun rana ba ta yi ba. Ya ce saura mataki ɗaya, ya jefa makullin a aljihun ƙirji ya maɓalle. Gulbara ta ja ni gefe ta roƙe ni in ba shi zuwa gobe, wai ko abinci ya daina ci sosai. Na je na kai ƙara wurin Ata, na ce masa gobe Asabar, jibi Lahadi gareji a rufe. Ya kurɓi shayinsa ya ce in ba shi goben. Na yi mamaki, amma ban saba musa masa ba.

Asabar ranar kasuwar dabbobi ce. Kafin in gama wanke kwanukan safe Jezde ya riga ya shiga ƙarƙashin mota ya kwance salansa, ya jingine ta da bishiya. Iska tana shiga, wuta tana kamawa, hanyar fita ce a toshe, in ji shi, kuma duk mai hankali ya san abin da ke faruwa da wanda ke ci ba ya zagayawa. Ashe tun da asuba ya bi ta kasuwa ya sanar da jama'a cewa da hantsi su fito bakin titi, za su ga motar da bakaniken Balykchy ya gaza tana gudun ɗari da ashirin. Bakaniken Balykchy ko ganin motar bai taɓa yi ba. Ya sa sabuwar hularsa fara mai tsini ta zuwa biki, ya ɗauki Anarbek baike a gaba ya zama shaida, ni mai motar aka tura ni baya.

Mota ba salansa abar tsoro ce. Tun daga nesa tumaki suka fara tsinke igiya. Muka wuce ƙofar kasuwa mutane sun yi layi, wasu sun hau bayan manyan motoci, wasu a kan dawakai suna fama da linzami. Jezde ya ɗaga musu hannu. Bakinsa yana ta motsi, ina jin labarin soja yake ba mu, amma ba mai jin ko kalma. Hamsin, sittin. Muka cim ma wata babbar mota da ta yi lodin ciyawa, ya danna mata oda ya wuce ta, har da leƙawa ta taga. Saba'in. Ya waiwayo ya kalle ni. Yana cikin kallona motar ta fizga.

Ya taka totur har ƙasa. Ƙara ta ƙaru, gudu ya ragu. Mai ciyawar ya iso mu a hankali, ya jera da mu, ya cire hularsa ya gaida Jezde da ladabi, ya wuce ya bar mu cikin ɓurɓushin ciyawa. Jezde ya juya kan motar zuwa gari, wai iska ce ta yi mana gaba da gaba, a dawowa za a ga aiki. A dawowar ma sai da ya sake matsa mata. Ta yi tari, ta yi tari, ta zo daidai ƙofar kasuwa ta mutu, shiru ya sauka har ana jin kukan ɗan rago.

Jama'a suka kewaye mu. Wani ya tambaya ko ɗari da ashirin ɗin a tafiya da dawowa ake haɗawa. Jezde ya fito ya gyara ɗamara, ya ce duk cikin gwaji ne, yanzu za su ga dabarar da ba a koya wa farar hula. Ya aro kofin shayi wurin mai sayar da abinci, ya sa aka tsiyayo masa fetur, ya buɗe bonet ya tuttula a bakin kafireta. Anarbek baike ya ce masa ya ja da baya. Jezde ya ce shi da inji sun san juna. Ya sunkuya ya kafa fuskarsa a kai don ya ga yadda man ke sauka, ya ce in murza.

Na murza. Wuta ta yi fuu ta taso, tsawon hannu, ta koma. Anarbek baike ya jefa rigarsa a kan injin ya danne. Jezde ya ɗago a hankali. Girarsa biyu sun tafi, gashin baki ya rage na ɓangaren hagu, gaban hular nan ya koma ruwan ƙasa yana hayaƙi. Na fito da gudu na duba idanunsa, lafiyarsu ƙalau, fatar ma ja kawai ta yi. Aka tabbatar bai ji ciwo ba. Sannan wani tsoho mai sayar da raguna ya matso, ya shinshina iska, ya ce yana da kawunan tumaki biyu a gida da ke jiran babbaka, ko gwanin zai biya ta wurinsa in ya gama nan.

Kasuwa ta fashe da dariya. Da taraktar Anarbek baike aka ja mu gida, kuma hanyar ƙauyenmu ta tsakiyar kasuwar ta bi. Jezde yana riƙe da sitiyari, yana kallon gabansa, mata masu sayar da kirim ɗin madara da zuma suna yi masa sannu da aiki ɗaya bayan ɗaya.

Da muka isa gida dariyar ta ƙare mini. Azahar ta wuce, mota ba ta tashi, salansa a jikin bishiya, jibi da safe ana jiran Ata a wuri mai nisan kilomita ɗari biyu. Na shiga kicin na yi kukana. Da na fito na tarar da Jezde a tsugune gaban bencin, hular a hannunsa. Tun da ya auri yayata ban taɓa ganin bakinsa a rufe haka ba.

Ya ce, "Ata, na ɓata. Ko a bayana ne zan kai ka."

Ata ya laluba ya dafa kan Jezde, ya ce bayan nasa ya ajiye shi, a kama masa hannu a kai shi wurin motar. Ta huce, don haka da aka murza ta tashi. Ya sa na riƙe totur a sama ban saki ba, ya tsaya ya karkata kai. Can injin ya fara sarƙewa. Ya ce in kashe. Ya tambaye ni inda na sha mai a bazarar nan. Na ce gidan mai, kamar kullum. Ya ce in sake tunani. Sai na tuna lokacin da muka hau tsauni wurin makiyaya, mai ya yanke mini, wani ya taimake ni da na tsohuwar jarkar ƙarfe.

"Ƙishirwa take ji," in ji Ata. "Man da ke wucewa ya ishe ta tafiya, bai ishe ta gudu ba."

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar madara ta gonar gwamnati a kan waɗannan duwatsu. Duk mun sani, amma tun da idonsa ya rufe muka daina tambayarsa komai sai ko shayin ya yi sanyi. Ya durƙusa da kyar, ya bi tiyon mai da yatsunsa tun daga wajen tanki har ya kama wani ɗan gwangwani, ya ce ga matatar mai nan. Anarbek baike ya kwance ta. Ata ya miƙa wa Jezde ya ce ya hura. Jezde ya hura har kumatunsa suka yi kamar zai busa algaita, ko iska ba ta fita ba. Ata ya ce ya juya ta ya hura ta ɗaya bakin. Wani jan laka mai tsatsa ya fantsamo masa a kan takalmi.

Gulbara ta kama hanyar kasuwa kafin masu kayan mota su rufe, ta dawo da sabuwa, da matatar iska ma. Ata ya ce Jezde ne zai ɗaura. Ya riƙe hannunsa a kan gwangwanin, ya ce akwai kibiya a jiki, ya tabbata tana kallon inji. Jezde ya duba sau uku, ya kuma kira ni in duba. Anarbek baike ya mayar da salansa da waldarsa. Kafin la'asar ta yi sanyi na hau titi ni kaɗai, maleji ya wuce tamanin, ya wuce ɗari, motar ko gezau.

Da na dawo na tambayi Ata me ya hana shi magana tun ranar Alhamis, ya bar ni ina ƙuna. Ya ce wa ya tambaye shi? An ajiye shi a rana kamar kabewa. Kuma ba a gyara wa suruki magana a gaban mutane, in da Asabar ta wuce da zai kira shi gefe. Sannan ya ce gaskiya ranar ɗankwalin nan sai da shayi ya fito masa ta hanci, ya daɗe bai ji daɗin zama a waje haka ba.

Lahadi muka tafi mu huɗu. Duk inda muka tsaya Jezde ne ke fito da Ata, ya zagaya da shi, ya mayar da shi ya gyara masa matashi. Litinin aka yi aikin ido ɗaya, aka ce Talata da safe za a cire bandeji. Kafin mu fita daga masauki ranar, Gulbara ta ce ba za ta shiga asibiti da miji kamar dafaffen ƙwai ba. Ta aske masa sauran gashin bakin, ta zaunar da shi ta zana masa gira da jagirarta. Yana ta motsi yana ba ta shawara, don haka ta dama ta fi ta hagu tsawo, ta kuma haye sama.

Likitar ta cire bandejin a hankali, ta ce Ata ya buɗe ido ya faɗi abin da yake gani. Jezde ya riga kowa matsowa, ya kawo fuskarsa dab da ta Ata. Ata ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya wajen likitar ya ce a hankali, yana jin aikin bai zauna daidai ba, don abubuwa a karkace yake ganinsu, ga surukinsa nan gira ɗaya tana neman shiga gashin kai.

Likitar ta ɗauko fitilarta da sauri. Na ce mata ta bari, idon lafiya lau yake, haka mutumin yake.

Ata ya kama fuskar Jezde da hannu biyu, ya juya ta dama, ya juya ta hagu. Kafaɗun Ata suka fara rawa don dariya.

"Ashe abin da nake rasawa ke nan," in ji shi.

Likitar ta ce kada ya kuskura, idon ɗanye ne, dariya mai ƙarfi da tari da ɗaukar kaya duk an hana shi sati biyu. Ata ya ce to, ya daure, ya sake ɗaga ido, abin ya dawo sabo. Dole ta kama Jezde ta hannun riga ta fitar da shi baranda ta rufe ƙofa.

Duk hanyar komawa gida Jezde a bayan kujerar Ata ya zauna, Gulbara ta ja masa hula har kan hanci, ni kuma na karkatar da madubi don kada Ata ya hango shi.